Farin Yadin da ke Ƙasan Adakar Inna

Kome zan manta a rayuwata, ban da safiyar da aka buɗe adakar mahaifiyata ana neman likkafaninta aka rasa, alhali ni ce na sa almakashi na yanyanka shi da hannuna, ban kuma san abin da na yanka ba. Yarinyar da nake goyo a lokacin yanzu ita ke kai ƙannenta lakol, wato makaranta, amma har gobe in na ɗauki farin yadi zan auna sai na ji gabana ya faɗi.

Ni tela ce a Gazawa. A Maradi na koyi ɗinki, a wani gidan koyar da mata sana'a, kuma can wata malama ta nuna mana yadda ake tara ƙyallayen da suka rage a haɗa su su zama abin kirki. Sauran ɗalibai ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, ni kuwa ya shiga raina. Ba na zubar da ƙyalle ko da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Da su nake ɗinka rigunan matashi, da labulen ƙofa, da ƴan jakunkunan zuba kayan kwalliya, da shimfiɗar jarirai. In salla ta gabato mata su yi ta zuwa neman abin gyaran ɗaki, in ana biki ko suna a zo a sayi na kai kado, wato kyautar biki. Har abin ya zame mini wani irin ciwo: ko a jikin mutum na ga atamfa, idona ya riga ya yanka ta gida-gida. Maigidana yakan tsokane ni, wai ranar da barci ya sace shi da riga a jiki zai farka ya tarar da hannunta a kan matashin wata amarya. Ina da rawar kai a lokacin, ga son a yaba mini, ba na musu.

Inna tana ƙauyenmu, kusa da Gangara, tare da yayana da matarsa. Mahaifinmu ya rasu ina ƴar shekara tara, ni ce kuma auta. A wata kaka, bayan an gama ɗaurin gero, na hau moto na je gaishe ta. Na tarar ta faɗa ƙwarai, tari ya sa ta gaba, gwiwoyinta kuma sun fara ba ta labarin sanyi tun bai sauka ba. Bargon da take rufa da shi ya sille, in ka ɗaga shi sai ka hango mutum ta ciki. Nan take na ƙudura zan ɗinka mata abin rufa irin wanda ba a taɓa gani a ƙauyen ba, kuma da tsofaffin zannuwanta, don ta riƙa kallo tana tuna ƙuruciya.

Na ce, “Inna, zannuwan nan naki na cikin adaka da ba ki ɗaurawa, ki ba ni su mana.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. “Ke dai auta ba ki gajiya da tsumma. Mi za ki yi da su?”

“Za ki gani.”

“To ga mabuɗi nan ƙarƙashin tabarma. Ki ɗebi waɗanda sunka tsufa. Ni zan tahi barka gidan liman.”

Ta ja sandarta ta fita, ni kuma na zauna gaban adaka na baje kaya. Ƙamshin kanumfari da tsohon turare ya cika ɗakin. Na ware zannuwa bakwai. Da a nan na tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma hannuna ya ci gaba da tono har ƙasa, na taɓo wani ƙunshi da aka naɗe cikin ɗankwali, aka ɗaure da zare. Na kwance, sai ga farin yadi mai yawa, mai kauri, ba a taɓa sa masa almakashi ba. Ya ɗan ja saboda ajiya, ga shatar ruwa a jikinsa wuri-wuri. Duk wata tsohuwa a ƙauyen nan da ta gan shi za ta san mene ne, ba sai an faɗa mata ba. Ni abin da na gani shi ne shafi, wato yadin da zan sa a bayan abin rufar. Na ce a raina, ga yadi yana neman lalacewa a banza, Inna ta manta da shi har damshi ya taɓa shi. Na cusa shi cikin jakata a ƙarƙashin zannuwan, ban tambaya ba, don kada na ɓata mamakin da nake son ba ta.

Abin da ban sani ba shi ne, shekarar da mahaifinmu ya je Makka ya sayo farin yadi kashi biyu, nasa da nata, ya tsoma su a ruwan zamzam, ya shanya a can ya naɗo. Da nasa aka rufe shi. Nata ne ta adana shekara da shekaru, kuma shatar da na raina ta zamzam ce. Ina komawa Gazawa na jiƙa shi da garin sabulu, na cuɗe shi sosai, na sa masa bula, na shanya a igiya ina jin daɗin yadda ya yi fari tas.

Sati shida na yi a kan aikin. Na yanka zannuwan gida-gida, na jera su a ƙasa ina sauya musu wuri har sai da launi ya zauna. Farin yadin na raba shi: rabi na yi siraran layuka tsakanin gidajen, rabi na yanka manya na haɗa bayan. Na sa auduga a tsakiya, sannan na bi shi da ɗinkin hannu, layi kusa da layi, har yatsuna suka yi kanta. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna santi. Wata matar jandarma ta nace in sayar mata, na ce ko me za ta ba ni wannan na uwata ne. Na faɗi maganar da alfahari, har ina jin kaina ɗiya ta gari.

Sanyi ya sauka sosai lokacin da na kai mata. Da hantsi ne, tana zaune a rana bakin ɗakinta, matar yayana tana tankaɗe a gefe. Na warware shi na shimfiɗa mata a cinya. Fuskarta ta washe, ta riƙa bin gidajen da yatsa: wannan na sunan yayanki ne, wannan ranar da aka kai ki lakol na ɗaura shi. Sai ta juya bayan. Ta shafa farin, ta murza bakinsa tsakanin yatsu biyu, ta kai shi kusa da ido. Ta daɗe a haka.

“Wanga farin, ina kika samo shi?”

Na ce, “Ai cikin adakarki yake, can ƙasa, duk ya yi jirwaye. Ba ki ga yadda na wanke shi ya fito ba?”

Matar yayana ta ajiye rariya. Inna ba ta dube ta ba, ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da shafa yadin, sannan ta ce, “Ya fito kam. Allah shi yi miki albarka, auta. Allah shi ba ki masu yi miki.”

Na ga ƙwalla a idonta, na ɗauka ta murna ce. Wallahi har na ji haushi kaɗan da ba ta kira maƙwabta sun zo sun gani ba. Na kwana biyu na koma gida ina ba kowa labari Inna ta yi kukan daɗi.

Wata uku bayan haka, sanyi na shirin tafiya, yayana ya kira ni a salula bayan sallar asuba. Bai yi dogon bayani ba, ya ce in taho. Ko da na isa gidan ya cika. Inna na kwance a ɗakinta, an lulluɓe ta da abin rufar da na ɗinka. Na durƙusa na yi kukana, mata na ba ni haƙuri. Maza kuwa sun riga sun tafi gina kabari.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita za ta jagoranci wanka. Mace ce mai zafi, ba ta ɓoye abin da ke ranta. Ta karɓi mabuɗi ta buɗe adaka, ta zaro wani farin yadi da ke sama-sama cikin leda. Ta warware shi, ta shinshina, ta yamutsa fuska. Ta sake tona adakar har ƙasa, ta zazzage kome a tabarma.

“Wanga ba shi ba ne,” in ji ta. “Wanga sabo ne, na kasuwa, ga sitatinai nan bai ko fita ba. Ina wanda ɗan'uwana ya kawo daga Makka? Ni na kama mata munka naɗe shi cikin ɗankwali da hannuna.”

Gwaggo ta juya kan matar yayana. “Ke ce ke shiga ɗakin nan safe da marece. Ina likkahwanin baiwar Allah? An sai da shi ne an musanya da wanga?”

Matar yayana ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ba ta ce uffan ba. Mata suka fara kallon juna, na ji wata daga baya tana cewa abin duniya ya lalace. Ni ina tsugune kusa da gawa, hannuna a kan gefen abin rufar inda ya ɗan naɗe farin ya fito. Kalmar ɗankwali ce ta fara dukana, sai zaren da na kwance, sai shatar ruwan. Na tuna yadda Inna ta murza bakin yadin, da yadda aka ajiye rariya. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan yi shiru, kuma a cikin shirun nan zuciyata ta raya mini in bar abin ya wuce haka. Wannan ɗan lokacin ma yana cikin abin da nake neman gafararsa.

Na ce, “Gwaggo, ki bar ta. Ga shi nan.” Na ɗaga gefen abin rufar. “Ni na ɗauka. Ban sani ba.”

Gwaggo ta matso ta kama yadin ta juya shi. Ta bi layukan ɗinkin da ido, ta ga yadda na yanka shi siri-siri, babu inda za a samu ko kamu biyu a haɗe. Ta buɗe baki, na jira zagin da na cancanta, sai kawai ta ce, “Innalillahi. Ke ɗiyar nan, ke ɗiyar nan.” Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Aka aika wa liman, ya ce kowane farin yadi mai tsarki ya wadatar, kada a jinkirta mamaciya. Da yadin kasuwar Gangara aka rufe mahaifiyata.

Sai ranar uku na iya haɗa ido da matar yayana. Na same ta a madafa tana dama fura ta baƙi, na ce ta yafe mini abin da aka yi mata saboda ni. Na tambaye ta me ya hana ta magana.

Ta ce, “Inna ce ta hana. Ranar da kika tahi ta kira ni ta ce in rantse ba ni hwaɗa miki, ba ni hwaɗa ma kowa. Ta ba ni ɗan akuyarta na kai kasuwa, na sawo wancan. Na ce, Inna, ko a kwance ɗinkin a ga abin da za a samu? Ta ce a'a, yarinya ta yi sati shida tana huda yatsunta.”

Ta ci gaba da damu, ba ta dube ni ba.

“Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, ba ni yi miki ƙarya. Ta ce ta so a ce abin da ya rufe Malam, mahaifinku, shi ya rufe ta. Amma daga baya kullum wajen farin abin rufar take juyawa jikinta. Ta ce tun da ba ta shiga ƙasa da shi, bari ta more shi nan.”

Da aka zo rabon kayanta ba wanda ya miƙa hannu ga abin rufar, sai aka tura mini. Yana nan a gidana, ban taɓa rufa da shi ba, ban kuma iya bayar da shi ba. Ban daina haɗa ƙyallaye ba, don da shi nake ci, amma yanzu in mace ta kawo mini tsofaffin zannuwan uwarta sai na tambaye ta ko uwar ta sani, ta kuma ga kowanne da idonta. Wasu suna ganin na cika tambaya, ba na damuwa.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta ba mutum izinin taɓa abin da ba nasa ba, ko da na uwarsa ne, ko da don ita zai yi. Abin da tsoho ya naɗe ya ɗaure ya kai ƙasan adaka, ba mantawa ya yi ba. Tambaya ɗaya ce ta rage mini a ranar, ta kalma huɗu ko biyar, Inna kuma tana nan gidan liman, taku kaɗan daga inda nake zaune. Na ƙi yi don ina son in ba ta mamaki. Ni na tafi ina taƙama na yi wa uwata kyauta, ashe buri ɗaya da ya rage mata a duniya na raba ta da shi, ita kuma ta sa mini albarka a kai, ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah.