Tafinta a Taron Masu Barin Giya

Akwai wata Asabar da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Na tsufa ina aikin tafinta, na zauna Jidda, na zauna Faris, na taɓa Akara kafin Allah ya ajiye ni a New York. Na fassara wa manya maganganu masu nauyi, yawancinsu na manta. Ta wannan rana kuwa tana nan daram.

Ina da wani ƙane, ba na jini ba, zaman unguwar Harlem ne ya haɗa mu. Mutumin Maraɗi ne, direba, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, Turancinsa kuwa iyakarsa sayen burodi. Giya ta kama shi. Kowa ya sani, kowa ya yi gum. In ba a gan shi a masallaci ba sai mu ce jiki ne ya ɗan motsa. Muna kiran wannan rufin asiri. Haka muka yi ta rufewa har matarsa ta kwashe yara uku ta koma gidan wanta.

Wata rana ya zo min da hantsi, idonsa jawur. "Yaya, gidana ya watse. Na rantse da Alƙur'ani sau nawa, na koma. Ina so in bari, na kasa."

Wata Hajiya 'yar Ghana mai aikin jinyar tsofaffi ce ta nuna min hanya. Ta ce akwai taron da masu shan ke yi da kansu a kusan kowace unguwa, kyauta, suna ƙarfafa wa juna. Ta rubuto min wurare, ta sa alama a waɗanda ake barin ɗan rakiya ya shiga. Na nuna wa ƙanen nawa wani a bayan layinmu, ya girgiza kai. "Kusa da mai naman da mutanenmu ke zuwa? Kafin magariba an ji a Maraɗi." Sai muka zaɓi Port Richmond, wata unguwa can ƙetaren ruwa, ranar Asabar ɗin muka hau jirgin fito.

A ɗakin ƙasa na wani coci ake zaman. Ya ja ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce masa kujeru kawai aka ara musu, ba ibada aka kira mu ba. Muka sauka. Mutane kusan ashirin, baƙi da farare, ga kofi a gefe. Kowa ya faɗi sunansa shi kaɗai, babu dakta babu alhaji, sannan ya faɗi halinsa. A duk ƙasashen da na zauna na ga mashaya, amma ban taɓa ganin inda suke tona kansu da bakinsu ba.

Da aka tambayi ko akwai baƙo, sai na miƙe. A wajenmu in babba ya rako ƙarami, babba ke gabatar da magana. Na gyara murya na ce na zo da ɗan'uwana, mutumin kirki, ɗan babban gida, yana da 'yar damuwa. Dattijuwar da ke jan zaman ta ɗaga hannu a hankali. "Mun gode da ka kawo shi. Amma a nan ba a ara wa mutum baki. In yana so ya faɗa, in ba ya so ya saurara."

Na zauna, kunya kamar in nutse. Can sai na ji muryarsa da Hausa, yana cewa in fassara. Ya ce kullum yake sha. Ni kuma, bisa sabo, na ce musu yakan ɗan taɓa. Ashe ya gane. Ya riƙe min hannun riga.

"Yaya, ban ce ɗan taɓawa ba. Ni mashayi ne. Faɗa musu yadda na faɗa."

Na faɗa. Ya ce a gorar shayi yake ɓoye ta. Na faɗa. Ya ce ya sha tuƙa 'ya'yansa zuwa makaranta a buge, ranar ƙarshe ya hau gefen titi, 'yar autarsa ta fasa leɓe. Wannan ban taɓa ji ba. Ya jira ni har na faɗa. Ba wanda ya yi tsaki, ba wanda ya yi wa'azi. Wani tsoho ya rubuta masa lambarsa, ya gaya masa inda ake zaman da Faransanci.

A jirgin dawowa na ce zan tara dattawa mu je bikon matarsa. Ya ce, "A'a, Yaya. Kun sha yi min. Ni zan je." Ya je shi kaɗai, ya gaya mata komai. Ba ta biyo shi ranar ba. Sai da ta ga watanni yana zuwa zaman, sannan ta dawo da yaran.

Abin da na koya da furfurata shi ne, rufin asiri ibada ne, amma ciwon da aka rufe ba a wanke ba ruɓewa yake yi. Za ka iya raka ɗan'uwanka har bakin ƙofa, ka zauna kusa da shi. Gaskiyarsa dai shi zai faɗe ta, kai kuma kada ka rage mata ɗaci.