Zanzaro a Salansar Malam Habu

Duk wanda ya san Malam Habu a Haɗeja ya san shi da tabarau, irin manyan nan na masu babur da ake ɗaurewa a ƙeya. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa, yana maƙale a goshi ƙasan hula, shi kuwa yana tafe da ƙafafunsa biyu. Ni taubashinsa ne, saboda haka abin da wani ba zai iya faɗa masa ba ni nake faɗa.

"Malam Habu, ga tabarau, ina babur?"

"Yana hutawa. Kai da ko jaki ba ka da shi, me ka sani game da gajiyar inji?"

Babur dai akwai shi. Wani Baturen gona da ya yi wa tafinta a zamanin En'e ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Ya ɗan hau shi, sai wata rana da ya dawo daga Jahun ya duƙa ya ga zanen taya ya fara shafewa. Tun daga nan ya shigar da shi shago ya lulluɓe da gwado, mutanen unguwa suka raɗa wa babur ɗin suna Na-Ɗaka. Da damina ya ce laka, da rani ya ce rairayi, da kaka ya ce ƙaya. Na tambaye shi to yaushe ne lokacin hawa, ya ce Allah bai kawo ba tukuna.

Kun tuna mutumin Guri da ya zo aron babur don bikin ɗansa? Malam Habu ya yi masa fura, ya ɗaga masa gefen gwado ya leƙa, sannan ya kwance tabarau ya miƙa masa.

"Sa wannan. Kowa ya gan ka ya san da babur a maganar."

Abu ɗaya ne ba a yi masa wasa da shi, har ni. 'Yarsa tilo, Hajara, tana aure a wani ƙauye ta wajen Auyo, tsallaken kogi, shekara da shekaru babu ko ɓatan wata. Wannan abu yana cin sa ƙwarai. Ana nan sai zanzaro ya shiga shago ya yi gininsa na laka a cikin salansa, wato bututun hayaƙin babur, ya toshe bakin tam. Na ɗauki kara zan zungure, ya cafke hannuna.

"Ba ka ji abin da mata ke faɗa ba? Inda zanzaro ya yi gini haihuwa na tafe. Wanda ya rushe kuwa, ita ya rushe."

"Ai ɗakin mace suke nufi, ba bututun babur ba."

"Nan gidan wa? Ba gidan uban Hajara ba ne?"

Bai fi 'yan watanni ba aka aiko Hajara na da ciki. Daga ranar ko inuwar shagon bai yarda in taka ba.

Ana shirin ɗauko ta goyon ciki, yadda aka saba a haihuwar fari, sai naƙuda ta riga mu. Da hantsi ƙanen mijinta ya iso, laka har gwiwa. Ya ce tun jiya take fama, ɗan ya kwanta a karkace, matan ƙauye sun yi iya yinsu, Yaya Tabawa suke nema. Ita ce yayar Malam Habu, ungozomar da ta iya juya ɗa a ciki, amma ta tsufa, kuma a kan jaki sai yamma ta isa.

Malam Habu ya miƙe. Ya shiga shago ya yaye gwado.

Muka yi wa taya famfo. Tsohon fetur ya koma kamar ruwan tsamiya, muka zubar, wani direban motar gyaɗa ya tsiyayo mana sabo. Malam Habu ya kwance fulogi ya kankare, ya gasa a garwashin mai ƙosai, ya mayar. Ya buga, babur ya yi tari ya mutu. Muka tura shi har bakin kasuwa muka dawo, ya sake tari ya mutu. Sai na ga ya kai tafin hannu bakin salansa. Ko iska ba ta fita.

Na ce, "Habu, a fasa ginin nan. Rai ake magana."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ran nan. In ya fasa, gani yake da hannunsa ya zubar da jikansa. In ya bari, 'yarsa ce.

Can ya ce, "Miƙo sifana."

Ya kwance salansar ɗungurungum, ya ɗauke ta da hannu biyu kamar ƙwaryar nono, ya kai kan gadonsa ya shimfiɗe. Na ji yana cewa, "Ku yi zamanku, ba da ku ake ba."

Bugu ɗaya ya yi. Jama'a, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba! Mai ƙosai ta bar kasko, awaki suka tsinke igiya, ni kuwa na sami kaina ina tsalle ina kabbara. Muka ɗora Yaya Tabawa a baya, ya ɗaure ta a jikinsa da rawaninsa.

"Habu, in ka kashe ni sai na haɗa ka da Baba a can," in ji ta.

Sai ya sauko da tabarau daga goshi zuwa ido, abin da rabonmu da gani tun zamanin Bature, suka yi gaba.

Sauran labarin a bakin mai fito na ji. Ya ce yana tsallake ya jiyo rugugi, ya zaci jirgin sama ne zai faɗo, ya tuƙo ya zo kallo. Da suka iso gaɓa, ga kwale-kwale na jira. Kafin azahar Yaya Tabawa na ɗakin Hajara, kafin la'asar an yi guɗa. Namiji. Shi ne Alhaji Isa da kuke ce wa Zanzaro, wanda bai san dalili ba yau ya ji.

Yaya Tabawa ta yi kwanaki ƙarar ta toshe mata kunne, duk abin da ka ce sai ta ce, "Iye?" Shi kuwa gogan, turo babur ya yi da ƙafa tun daga Auyo har gida. Na tare shi a ƙofar gari na tambayi dalili.

"Zuwa na Hajara ne," in ji shi. "Dawowa kuma taya za a yi wa asara."

Bai ƙara hawa ba har ya bar duniya. Da muka shiga ɗakinsa bayan an kai shi, muka tarar da salansar rataye a saman gado, ginin nan ko tsagewa bai yi ba. Hajara ta sauko da ita ta rungume.

Ina kewarsa, wallahi. Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yafe masa, ya sa yana hutawa.