Muryar Gwaggo a Bakin Ba'indiya

Mun tashi da asuba daga Kankiya, ni da maigidana, ko koko ban iya sha ba don fargaba. Masu bibiyata sun san sana'ata: ina cikin masu juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, ni ce muryar mata. Wanda muka gama kwanan nan labarin wasu talakawa ne da cin hanci ya ishe su, suka haɗa kai suna kamo manyan ɓarayi suna tona musu asiri. Jagorarsu wata baƙar manomiya ce da aka karkatar da takin ƙauyensu. Da na zo yi mata murya sai na ari ta gwaggona da ke Bauranya, Katsinancinta da tsawarta duka. Wani ɗan gulma ya kai mata labari, ta aiko cewa kada fim ya fita sai ta gani. In ta ƙi, aikina ya koma farko.

Direban motar Kusada ya cusa mu kamar buhunan gero, ya kuma ƙara kuɗi, wai fetur. Amma damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, ko'ina kore shar. A Kusada maigida ya tilasta min cin ƙosai mai zafi, kuma gaskiya mai suyar ta iya, albasa ta ji. Daga nan acaɓa muka hau. Ruwa ya kwanta a hanya, na isa Bauranya zanina duk caɓo.

Gwaggo ta tarbe ni da fura mai sanyi da fuska a ɗaure. Maigida ya tsira, ya zauna a zaure cikin maza. Ba ta ɓoye damuwarta ba: ta ce duk wanda aka ba maganar ƙauye a irin wannan kallo, ko wawa ne ko bara, shi ake yi wa dariya, ita kuwa ba za a mayar da ita abin dariyar Kanawa da tsufanta ba. Gaskiya ta faɗa, haka muke yi.

Muka kife turmi a inuwa, na ɗora kwamfuta, matan maƙwabta suka cika tsakar gida. Sharhinsu ya fi fim ɗin daɗi. Wani mai rawani da gemu a fim ɗin suka riƙa kira malam, sai da na bayyana musu addininsa daban ne, Musulmin cikinsu shi ne telan nan mai hula. Sun ji daɗi da ba shi ne mugu ba. Gurgun da ke tuƙa musu mota ya samu addu'a iri-iri. Wata amarya kuma ta kama masu fim ɗin da laifi: baƙar ce ke shan wahala, amma da waƙa ta zo sai aka kawo wata fara sol tana juyi. Ni da na kalli fim ɗin har na haddace, ban taɓa lura ba.

Sai aka zo inda manomiyar ta tsare babban ma'aikacin da ya karkatar da takin a gaban jama'a. Muryar Gwaggo ta fito daga bakin Ba'indiya, gida ya yi tsit. Gwaggo ta sa na mayar baya, ta sake saurare, tana bin fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya.

"Ke ɗiyar nan," in ji ta, "tun da nike ban taɓa jin an yi magana irin tamu a kallo mutane sun yi shiru ba. Ki sake shi ya tahi. Amma ni ba ni wanga ihu. In na yi hushi, ƙasa nike yi da murya."

Matan suka tabbatar, wai nan ne ma ake gudu. Ta zauna ta koya min har sai da na iya.

Mun dawo Kankiya kafin magariba da ƙullin daddawa da wuri guda da zan gyara. A hanya na yi ta tunanin yadda nake yabon Indiyawa don sun sa kowane irin mutum a fim ɗinsu, alhali nawa mutanen sai yanzu na ba su bakin da ake saurara.