Tozon Hagu na Usta Garba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gona ina buɗe wa auduga ruwa aka bugo mini waya daga asibitin birnin Madani, aka ce Usta Garba ya cika bayan azahar. Ban yi kuka ba. Raina ne ya ɓaci, kuma ga shi an yi sadakar bakwai bai huce ba.

Usta, wato oga a bakin mutanen nan, makanikin tarakta ne a ƙauyenmu, kusa da Sinnar. Shi ya koya mana ɗaga ƙarfe a bayan garejinsa, da gwangwanayen madara da ya cika da siminti. Abin da duk muke kwaɗayi shi ne tsokar nan da ke tasowa daga dokin wuya ta sauka kan kafaɗa. Shi ya raɗa mata suna tozo. Za ka riƙe nauyi a kowane hannu, hannuwa a miƙe, ka maƙe kafaɗu zuwa kunne kamar yaron da ya ƙi aike, ka tsaya, sannan ka sauke a hankali. Ya hana fizga, ya hana juya kafaɗa. Yakan ce ko tozon bijimi sai ya ci damina kafin ya fito. Wanda ya bar uwarsa da ɗaukar jarkar ruwa kuwa, ranar ba zai taɓa masa ƙarfe ba. Kuma yana auna mu da ido, in ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tashi sai ya ce ka yi ha'inci.

To, sai ga tozonsa na hagu ya fara fin na dama. Muka samu abin tsokana. Usta ma ya yi ha'inci! Ya yi dariya, ya ƙara nauyi a hannun dama wai don su daidaita. Mu garada goma sha, masu taƙama da sanin jiki, muna tsaye muna ƙirga masa.

Matarsa, Inna Asabe, ita ta gane. Ta same ni, don ni ne babban ɗalibinsa kuma yana jin maganata. Ta ce, "Sani, wannan ba tsoka ba ce. Na taɓa, kamar dutse, kuma ba ya motsi. Ka sa baki ya je asibiti."

Na ce, "Haba Inna, ke me kika sani a harkar ƙarfe? Tozo ne."

Wallahi da bakin nan na faɗa, har da dariya. Da ta matsa ta kai shi ɗakin shan magani, ma'aikacin bai ko ɗora masa hannu ba. Ya dube shi ya ce, ya zol, wato bawan Allah, mai wuya irin naka me zai same shi, ya ba shi man shafawa. Sai da murya ta disashe, abinci ya daina wucewa, sannan muka sa shi a mota. Likitan Madani ya tambaye mu ina muke tun bara.

Shi ya sa nake jin haushin masu zuwa gaisuwa suna cewa mutuwar farat ɗaya, mutum bai taɓa ko ciwon kai ba. Ƙarya ne! Ya fi shekara yana ɗauke da ciwonsa a fili, muna yi masa kirari. Ajali na Allah ne, na sani. Amma sakaci namu ne, kada a haɗa su.

Ranar uku na durƙusa gaban Inna Asabe na yi mata gaisuwa. Ta amsa, sannan ta ce, "Sani, sau uku na zo wurinka."

Allah ya jiƙan Usta Garba, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya haskaka kabarinsa. Allah ya raya 'ya'yansa huɗu, ya ba Inna Asabe haƙuri da dangana. Ni kuma ya Allah, ka ba ni bakin da zan roƙe ta gafara, don har yau na kasa.