Ketura Mai Shiga Cikin Gida

Kafin rana ta fara duka, Ketura Pindar ta riga ta baro unguwar Maisandari a keke, ta nufi gidan duk wanda aka kafa wa sola a makon. Aikinta ke nan a kamfanin sola: ta bi sabon kwastoma har gida, ta ga abin da ya saya ya yi masa aiki. Shekaru tana wannan zirga-zirga, kuma ƙarshen watan nan za a sallame ta. Abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba.

Masu haɗa sola maza ne. In sun zo, matan gida su shige ɗaki. Su kafa farantin sola, su ja waya, su yi wa maigida bayani a zaure, ya gyaɗa kai ya tafi kasuwa. Wadda za ta wuni da na'urar kuwa, ba wanda ya ce mata uffan. Ketura ce take cire takalmi ta shiga.

Ku tambayi Hajja Ammatullahi ta Hausari, mai sayar da zoɓo. Ba a yi nisa da kafa mata ba firij ya daina sanyi, zoɓo ya yi tsami. Maigidanta ya ce ita ta ɓata, ya rantse sai an zo an kwashe. Ketura ta tarar da batir lulluɓe da leshi har ninki biyu, ga kaskon turaren wuta a gefe.

"Hajja, wa ya rufe shi haka?"

"Ni mana, 'yata. Abu mai daraja a bar shi tsirara?"

Ketura ba ta yi dariya ba. Ta yaye leshin, ta ɗora hannun Hajja a jikin batirin. "Kin ji? Shi ma zafin garin nan yake ji kamar mu. Ki bar shi ya sha iska." Ta zauna har azahar, rabi Hausa rabi Barbarci, sai da Hajja ta kunna ta kashe da hannunta. Sana'ar tana nan har yau.

Ketura, ke ce wadda kika san sayarwa ba ita ce ƙarshen ciniki ba. Amma da aka tashi rabon lambar yabo, masu talla aka kira, aka yi ta tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Yanzu kuma wai sashenki asara ne, an naɗi wata murya a waya ta maye gurbinki. Da kika tambayi manaja wa zai riƙa koya wa matan, ko kunya babu ya ce ai mazansu suna nan.

Mun gode, Ketura, Allah ya saka miki. Ku kuma masu kamfani da masu shago, in kun sayar wa mutum abu, ku bi shi ku ga yadda ya kwana da shi.

Ranar Laraba Hajja ta gwada sabuwar lambar wayar da kamfanin ya bayar. Muryar ta yi ta zuba Turanci. Hajja ta gaishe ta, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutan gida, sannan ta ce, "Don Allah ba ni Ketura." Sai layin ya katse.