Maigidana Ya Dawo Daga Soja Yana Tsoron Taka Huɗa

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce daga wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Minjibir. Karatuna bai wuce na allo da 'yan azuzuwan firamare ba, don haka ku yi haƙuri da yadda zancen zai fito. Lokacin da abin nan ya faro ina goyon 'yar fari, maigidana kuma soja ne, yana can gabas inda ake faɗa. Mutane suna zaton fargabata ita ce a aiko da labarin rasuwarsa. Wannan ma tana nan, amma abin da ya fi cin raina shi ne kada yarinyar nan ta tashi ba ta san ubanta ba. Ranar sunanta ba ya nan, ta fara zama ba ya nan, ta fara rarrafe ba ya nan. Sai in nuna mata hotonsa a waya in ce ga Baba, ita kuma ta kai wayar baki. Ni dama mai sa abu a rai ce, ko tari ta yi sai tuwo ya gagare ni.

Allah ya dawo mana da shi da ransa, amma an sallame shi daga aiki saboda ciwon ƙwaƙwalwa. Yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, yana cewa ana bin sawunsa. Sai da ya kwanta a asibitin ƙwaƙwalwa a Kano, aka ɗora shi kan allurar wata-wata, muryoyin suka lafa. Daga nan Inna, wato surukata, ta kafa doka a gidan. Ta ce mai irin wannan ciwo ba a tuna masa baya, kada wanda ya ƙara ambaton soja. Kakinsa da takalmansa aka cusa a buhu aka jefa rumbu, rediyo kuwa da an fara labarai sai a kashe. Ta kuma ce kada in riƙa barin yarinya kusa da shi, ba a san gawar fari ba. Na bi, don ni ma tsoron nake ji. Ga uba ga 'ya a gida ɗaya, amma in ya miƙo mata hannu sai ta ɓuya a bayan zanina.

Da rani abin da dama-dama. Yana zuwa masallaci, yana zama gindin darbejiya da abokansa. Amma da ruwan farko ya sauka, shanu suka shiga huɗa, sai mutum ya maƙale a gida. Ku da kuka san yankinmu kun san ba mu da fili, gona tana manne da gona har gindin danga. Sai na fara lura da tafiyarsa. Idonsa kullum a ƙasa. In hanya ta taku ta yi tauri zai bi lafiya lau, amma da ya ga ƙasa sabuwa, ko da inda kaza ta yi tono ne, sai ya tsaya cak, gumi ya karyo masa, ya juya. Mutanen gari suka ce allura ce ta kashe masa jiki, Inna ta ce sammu aka binne masa a gona. Ni dai abin ya tsaya min a rai. Me ya raba ƙasa mai tauri da mai laushi? In allura ta kori muryoyi, me ya hana ta kori wannan? Har gwaji na yi. Na bi inda kaji suka tona a tsakar gida na tattake da diddige, sai ga shi ya wuce ta wurin ko a jikinsa.

Duk wata yayansa ne ke raka shi asibiti, shi ke shiga gaban likita. In sun dawo na gaishe shi, nakan ɗan rage murya in tambaya me aka gaya wa likita. Sai Yaya ya yi dariya ya ce, to amarya me za a ce, an tambayi jiki an ce da sauƙi, mumini ai ba ya ƙorafi. Maigidan ma da sauƙi yake cewa. Ni kuma da nake ganin komai ina gida, in ma an je da ni ba zan buɗe baki gaban wan miji ba. Haka likita ya yi ta jin da sauƙi, gonarmu kuma tana hannun maƙwabta.

Wata safiya ina wanke-wanke, yarinyar, wadda a lokacin ta fara tafiya, ta bi ɗan akuya ta kafar danga ta faɗa gonar gyaɗar da ke bayan gida, wadda aka huɗe jiya-jiya. Wata irin ƙara na ji da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Kafin in fita ya keta huɗar nan da ba ya takawa, ya fizgo ta, ya kifa da ita ƙasa ya danne ta da jikinsa. Hannunta ya goce, sai da aka kai ta wurin mai ɗori. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa mahaukaci ya so kashe 'yarsa. Babana ya zo ya ce in haɗa kayana, Yaya kuma ya fara zancen wani mai magani da ke sa wa irinsu mari a ƙafa. Amma ni na riga kowa isa wurin, na kuma ga abin da na gani. Tafukansa biyu a kan kunnuwanta suke, ƙirjinsa ya rufe kanta, yana ihu kada kowa ya matso, kada kowa ya taka. Na yi ta juya abin a raina. Wanda ke son kashe yaro, me zai sa ya toshe masa kunne?

Na roƙi Baba ya yi min haƙuri zuwa ranar asibiti. Na ce wa Inna zan bi su a duba hannun yarinya, ta yarda. Da muka isa Yaya ya ce in jira a benci. Wata nas dattijuwa ta zo wucewa ta tambaye ni ya mai jiki, bakina da kansa ya ce da sauƙi. Ta dubi ɗaurin hannun yarinyar, ta ce 'yar nan, kowa a nan da sauƙi yake cewa, da gaskiya ne da tuni sun rufe asibitin sun koma tuyar ƙosai. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, na kwashe komai na gaya mata, har zancen tonon kaji. Ta ja hannuna har gaban likita. Yaya ya haɗe rai kamar hadarin gabas, ni kuma na sunkuyar da kai na maimaita. Likitan ya juya ga maigidana ya tambaye shi a hankali ko a inda ya yi aiki ana binne bam a hanya. Maigidana ya gyaɗa kai. Can ya ce abokinsa ne ke gabansa, sun ci abinci kwano ɗaya da safen, abokin ya taka wata 'yar ƙasa sabuwa, bam ya tashi da shi. Ranar na fara jin wannan labari, ranar kuma Yaya ya fara ji.

Likita ya ce ciwo biyu ne a jikin mutum ɗaya. Na muryoyin shi allura ke riƙewa. Ɗayan kuwa tabon abin da ido ya gani ne, wanda ke sa jiki ya ɗauka har yanzu yana can, kuma maganinsa daban. Na cire kunya na tambaya ko tuna masa ba zai tayar da muryoyin ba, kamar yadda Inna ta ce. Ya ce mutane da yawa na wannan tsoron, amma ana iya yi a sannu, ana sa ido, ba tare da an daina allura ba. Aka haɗa shi da wani ma'aikaci wanda aikinsa zama da zance ne. Da farko abin bai yi daɗi ba. Barcinsa ya lalace, ya yi ta faɗa, Inna ta ce na tayar da abin da ya kwanta, ni ma har na fara zargin kaina. Amma suka ce a ci gaba, kuma suka ba shi aikin gida. Ya tsaya bakin gona har bugun zuciyarsa ya sauka, bayan wani lokaci ya taɓa huɗa da sanda, daga baya ya sa ƙafa ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki, ni ma an hana ni tattake tonon kajin da na saba yi masa, an hana ni shiga gabansa in gwada masa ƙasa. Wai muddin ina share masa hanya, jikinsa ba zai taɓa koyon cewa ƙasar garinmu ba ta fashewa ba. Ashe taimakon da nake yi abinci nake ba tsoron.

Ba zan ce ya warke sarai ba. Har gobe yana karɓar allura, kuma in aka buga bindiga a wurin biki sai jikinsa ya ɗauki rawa. Amma babana bai sake zancen haɗa kaya ba, ba a kuma sa masa mari ba. Da damina ta zagayo, shi ya ɗauki sungumi ya yi saran gero da hannunsa. Yarinyar na biye da shi da iri a ƙoƙo, tana zubawa fiye da ƙima tana binnewa da 'yar diddigenta, tana cewa Baba ya jira ta. Ina bakin danga ina kallo, ina ta hamdala.

Abin da na koya shi ne da sauƙi gaisuwa ce mai kyau, amma likita ba ya ganin abin da ke faruwa a bayan danga sai an gaya masa. Da mun faɗa tun farko, da hannun 'yata bai goce ba. Don Allah, duk wanda ke da irin wannan mara lafiya a gida, soja ne ko ba soja ba, in za ku asibiti ku tafi da wadda ke kwana tana tashi da shi, ku bar ta ta shiga, ku bar ta ta yi magana. Ku amsa gaisuwar likita da da sauƙi, sannan ku gaya masa sauran.