Kyasuwar Kan Iyaka

Da aurena ya mutu na dawo Turba, abin da na tarar nawa a duniya shi ne 'yar gonar da na gada wurin Baba, manne da ta yayana. Duk zaman da na yi a ɗakin miji ko ɓari ban taɓa yi ba, kuma kowa a garin ya sani.

Damina biyu a jere gerona yana fitar da zangarniya dogaye masu kyan gani, amma da yawa in ka murza sai ƙaiƙayi. Nan magana ta fara yawo, wai macen da ba ta haihu ba in ta taɓa iri, shi ma ba ya haihuwa. Mata suka daina bari in kama musu shuka. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ana haka Yaya ya same ni da murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai zuwa ta'aziyya.

"Ki bar min gonag ga in noma, in riƙa auna miki hatsi. Ba laihinki ba na, hannunki na."

Na ce, "Yaya, da hannun ga na shuka tsakiyar gona, can ko hatsi ya cika. Mi ya hana shi lalacewa?"

Ni na riga na lura. Layukan da ke bakin iyaka su ne fanko, kuma a nan Yaya yake barin ciyawar kyasuwa ta yi tsayi har ƙirji saboda shanunsa. Lokacin da gero ke fure ita ma take fure, iska ta kaɗa garin furenta ya lulluɓe zangarniya. Ban san abin da ke cikin garin furen nan ba, amma na ga duk inda ya sauka ƙwaya ba ta kamawa.

Damina ta gaba na ɗauki lauje tun kyasuwar ba ta fitar da kai ba. Na yanke rabin iyakar, na bar rabi. Ciyawar kuwa na ɗaure, na kai na zube wa shanunsa a turke.

Ya zo yana huci. "Wa ya ba ki izini?"

"Shanunka sun ci, ba su yi ƙorahi ba. Rabi na bar maka, za ni ga ɓangaren da hannuna zai bi."

Da kaka, inda na yanke zangarniya ta yi nauyi har kara na sunkuyawa, inda na bari kuwa fanko kamar da. Na ɗaure dami daga kowane ɓangare na jingine su a ƙofar gida, hanyar rijiya. Masu wucewa suna murzawa, suna yin gaba. Ba wanda ya ba ni haƙuri. Yaya ma cewa ya yi dace ne, amma bai sake tayar da maganar gona ba.

Da ruwan shuka ya sauka, wata daga cikin masu yaɗa maganar ta aiko a sam mata iri. Na ce akwai, amma ta zo da kanta ta karɓa daga hannuna.